Madam Rashida da akuyar mai gadi

Rashida 'yar Kona ce, ɗiyar wani manomin gero mai suna Bawa. Ita ce ta farko a gidansu da ta wuce firamare, kuma Ingilishi ya fi ba ta wuya a kwalej. Dokokinsa ta haddace su kamar karatun allo, ba tare da ta san inda suka dosa ba. Sai da ta je jami'a a Yamai abin ya zauna mata a kai. Yau shekararta tara tana koyar da shi a wata kwalej a Tasawa, a ajin zana, don ɗakunan siminti ba su isa ba.

Wata Talata aka aiko mai duba malamai daga Maraɗi, wani dattijo da ake kira Mushe Abdulhamid, wato Malam Abdulhamid da Faransanci, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Ya zauna a bayan aji, ya ajiye takardarsa a kan benci. Darasin ranar shi ne wanda yara suka fi tsoro: aikatau mai neman abin da aikin zai faɗa wa, da wanda ba ya nema, da yadda ake juya jimla a sa wanda aka yi wa aikin a gaba.

Minti goma tana bayani, yara sittin suna kallonta, ba wanda ya gane.

Ana haka akuyar mai gadi ta cuso kai ta ƙasan zana, ta fizgi takardar Mushe Abdulhamid, ta hau tauna. Aji ya ruɗe da dariya. Rashida ta dubi akuyar, ta dubi baƙon, sai ta ɗauki alli.

"Kubra, mi akuya ta yi?" ta tambayi wata ɗaliba a layin gaba.

"Ta ci, Madam."

"Ta ci mi?"

"Takarda."

Rashida ta rubuta: The goat ate the paper. "To, in takarda muke tausayi, ita za mu fara ambata. Wa zai juya?"

Kubra ta ce, "The paper was eaten by the goat."

Mai gadi ya shigo da sanda, akuyar ta zura waje. Rashida ta rubuta: The goat ran. Ta ce a juya wannan ma. Wani ɗalibi, Lurwanu, ya gwada sau biyu, ya sosa ƙeya.

"Madam, ba ta juyuwa. Ta gudu ne kawai, ba ta gudu komai ba."

"Ka gama darasin yau," in ji ta.

Bayan an tashi, ta je ba baƙon haƙuri. Ya ɗaga guntun takardar da ya rage, duk yawu, ya ce ai abin da ya fara rubutawa a kai gara da aka cinye shi. Ya roƙi sabuwar takarda a ofishin darakta.

Wata biyu bayan haka, bisa rahoton Mushe Abdulhamid, aka gayyace ta taron malaman Ingilishi a Mayahi, ta nuna musu yadda take koyar da darasin. Ta shiga motar kasuwa da sassafe, ta tsaya gaban malamai talatin, wasu sun girme ta nesa. Da ta dawo ta biya Kona, ta ba mahaifinta labari. Bawa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai a gyara zanar ajin kafin damina.