Don-Me da Gadar Kasuwa

Da safe takan sha kunun gyaɗa a tsaye, ta hau acaɓa zuwa wani ofishi marar allon suna a Marwa. A gida an ɗauka buga takardu take yi. Ina! Bayanan tsaro take tattarawa, ta auna, ta faɗa wa manya inda haɗari zai ɓullo. Aikinta ya hana a faɗi sunanta. A makaranta dai Don-Me muke ce mata, saboda ba malamin da bai sha tambayarta ba. Mu muka tsaya a sakandare, ita ta wuce jami'ar Ngawndere ta karanci labarin ƙasa.

Tana sabuwa a aiki ta lura masu shigo da fetur a babur sun daina bin gadar kasuwar iyaka, suna zagayawa ta yashi. Mai jarkoki ya bar kwalta ya faɗa yashi? Don me? Ta bi diddigi, ta ce a rufe hanyar gadar. Aka rufe, ranar kasuwa.

Mahaifinta, Bappa Sali, direba ne. Tumatir mota guda ya narke masa a shingen soja.

"Wanda ya rufe hanyar nan, Allah ya hana shi barci!" in ji shi, ana cin tuwo.

Matarsa ta ce, "Ci abinka, Malam, mun samu miyar shekara."

Don-Me ta sunkuyar da kai. Bakin uba ne ya sauka a kanta, ga shi ba halin ta ce uffan.

Washegari sojoji suka tono bam a gindin gadar! Motar Bappa ce ta farko a layin masu jiran haye gadar.

Tsoho ya dawo, ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ya tuna jiya ko tambaya ɗaya ba ta yi ba.

"Ke, in kin san mai rufe hanyar nan, ki ce masa na janye. Ya yi barcinsa."

"Don me, Baaba?"

"Tashi ki ba ni wuri, ja'ira!"

Ke ce kunnen gari, Don-Me. Ke ce kika haɗiye tsinuwa don mai tsinuwar ya kwana a gida. Yau za ki tafi ƙarin horo, ba kiɗa ba lambar yabo. Mun gode, Allah ya tsare.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dame ku da "don me?", ku ba shi amsa.