Shekarar da Muka Sha Irinmu

Ni karatuna bai yi nisa ba, ko sauka ban yi ba na koma gona a Toranke. Yayana ne mai ƙwaƙwalwa. Kowane rani shi ke tafiya Gaya wajen wani malami da ya yi suna a karatun ƙarshen zamani. Malamin nan yana da wasu takardu da wani alhaji ya zo da su daga Gabas, wai abin da Yahudu da Nasara suka rubuta ne kan tashin duniya, dabba mai ƙahoni tana fitowa daga teku, taurari suna zubowa. Yana karantawa yana gwada su da namu labarin na Dujal da saukowar Annabi Isa. Lokacin kuwa ƙarnin Hijira na gab da cika, hankalin kowa a tashe yake.

Yaya ya dawo ya ce ya yi lissafi, damina mai zuwa ba za ta riske mu ba. Babanmu ya rasu, Yaya ne mai gandu, sai abin da ya ce. Ya sa aka sauko da damman iri, zaɓaɓɓen geron da ake ratayewa daban, wanda ko a shekarar yunwa baba bai bari an taɓa ba. Na hana, ya kira ni jahili a gaban matata. Inna tana daka tana kuka. Aka dama fura aka rabar sadaka, gari ya sha ya sa albarka.

Ruwa ya sauka a kan lokacinsa. Kowa ya fita shuka, babu mai ragowar da zai ba mu.

Na tasa Yaya gaba har Gaya. Muka tarar da Malam a gonarsa da sungumi, ɗalibai na bin sa suna zuba iri. Yaya ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi.

Malam ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, “Ai na gaya muku maganar mutanen nan ba a gaskata ta, ba a ƙaryata ta. Kai wa ya aike ka?”

Na roƙi ko ƙwarya guda ta iri. Ya ce nasa a auna yake, amma in muna son tuwon rana, ga aiki. Yaya ya tashi ya shiga layin masu shuka.

Ni na juyo gida. Gonarmu ciyawa ta yi a shekarar, Inna ba ta ga kaka ba. Da aka yi sadakar bakwai na raba gandu. Yanzu Yaya na zuwa ƙofata duk bazara neman iri, ina ba shi na bara, wanda ƙwari suka huda.