Jif Biyu a Kano da Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Tashi daga Nasarawa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gidana da ke Nasarawar Kaduna. Matata Rifkatu ta rako ni bakin ƙofa. Tun ranar da tsohuwar motarmu ta kife da ita a hanyar Rido, wata bakwai ke nan, ba ta sake taɓa sitiyari ba, har tana maganar ajiye aikin koyarwa don kada ta riƙa bin hanyar. Shi ya sa na nufi Kano neman ƙaramar jif tokumbo da hankalinta zai kwanta da ita. Na biya Tudun Wada na ɗauki Malam Iliya, bakanikena, muka shiga motar haya a Kawo.

Zariya

Bakwai da rabi muka iso, bayan mun wuce shingen jami'an tsaro uku. Muka sha shayi da burodi a tsaye, direba na ta danna mana hon.

Kano

Sha ɗaya muna wurin dillali. Jif biyu ya nuna mana: wata fara sol mai kujerun fata, da wata ruwan toka wadda ko kallo ba ta ishe ni ba. Ni dai farar ta tafi da ni, har na fara hango kaina a ƙofar coci.

Malam Iliya bai kula fenti ba. Ya fizgi bel ɗin kujerun kowacce da ƙarfi, duk suka cije. Ya ƙirga jakar iska, wadda ke fashewa ta tare mutum in an yi karo: farar shida, mai tokar huɗu. Na ce, "To ka gani!"

Ya ce, "Yallaɓai, murɗa makulli, ka sa ido a dasbod."

A mai tokar, fitilar jakar iska ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. A farar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Malam Iliya ya juya ga dillali ya ce, "Alhaji, wa ya cire ƙwan fitilar nan?"

Dillali ya ce, "Wallahi haka ta zo."

"Na yarda. Amma ta sha karo a can, jakunkunan sun fashe, aka liƙe murfi, aka kashe fitila don kada ta tona asiri. Shida a rubuce, babu ko ɗaya a ciki."

Saura ƙiris in saya wa matata gwangwani mai kyan fenti. Muka ɗauki mai tokar.

Dawowa

Ƙarfe biyu muka kamo hanya. Wajen Jaji ana ruwa, sai ga shanu sun faɗo titi. Na take birki iya ƙarfina, birkin ya riƙa dukan tafin ƙafata, motar ta tsaya cak ba ta juya ba. Malam Iliya ya ce, "Aikinsa ke nan, ba lalacewa ya yi ba."

Shida da kwata muka tsallake gadar kogin Kaduna. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Iliya.

Rifkatu ta zagaya motar sau biyu, ta saurari labarin duka, ta ce launin bai yi mata ba sam. Ta daɗe tsaye, hannunta a kan ƙofar direba. Can ta ce, "Baban Dauda, matso mini da kujerar nan gaba. Ƙafata ba za ta kai birki ba."