Neman Gaiwar Inna

Asabar: Mafara zuwa Bakura

Ƙarfe biyar da rabi, da idar da sallar asuba, na fita daga gidan da nake haya a Talata Mafara. Ni malamin firamare ne, kimiyya nake koyarwa. A lokacin, shekara biyu ke nan da ruwan dam na Bakolori ya cinye ƙauyenmu, na ɗauko mahaifiyata ta dawo wurina. Tun shigowar bazara Inna ta kwanta. Likita bai ga wata cuta ba, amma ko fura sai da lallashi take sha. Ran Litinin ta ce mini, "Da zan samu romon gaiwa irin wadda babanka ke ginowa cikin fadama, da na sha." Babana ya rasu kafin mu tashi, kabarinsa ma yana ƙarƙashin ruwan. Ran Talata na zaga kasuwa kaf, babu mai gaiwa.

Shida da kwata akori-kurarmu ta tashi. A gaba aka haɗa ni da wani Alhaji mahauci da zai je sayen shanu.

"Malam, ina zuwa da sassahe haka?"

"Bakura, Alhaji. Gaiwa nake nema."

"Subhanallahi! Wanga macijin laka?"

Direba ya yi dariya ya ce, "Kihi ta, Alhaji. Tsawo na kawai Allah ya ba ta."

Na ce gaskiyar direba ce: tana da tsagar numfashi a gefen kai kamar kowane kifi, kuma cikin ruwa ake ƙyanƙyashe ta. Alhaji ya ce shi dai naman da bai da ƙafa huɗu bai gama yarda da shi ba. Mun tsaya minti goma a shingen 'yan sanda, bakwai da minti ashirin muka shiga Bakura.

Kawu Ɗanjumma, ƙanen Inna, bai ce mini akwai ko babu ba. Bayan mun gaisa, kama hannuna ya yi ya kai ni fadamarsu. Ƙasa ta tsattsage, ta yi fari.

"Ruwan da ya cinye ku, mu shi munka rasa," in ji shi. "Tun da anka tare gulbi, ambaliya ba ta sake hawowa nan ba. Inda ruwa bai kwanta ba, mi za ya kawo gaiwa? Tahi Maradun ka nemi Maidamma, abokin babanka. In bai sani ba, babu wanda ya sani."

Ya hana ni juyawa ranar. Na ci hoce da miyar kuka, na kwana a zaurensa.

Lahadi: Bakura zuwa Maradun

Ƙarfe takwas na sauka Mafara. Ina hango lungunmu daga tasha, amma ban iya shiga hannu wofi ba. Wata tifa mai kai tsakuwa ta rage mini hanya, muka bi gefen babban magudanar ruwa, gonakin alkama da aka girbe dama da hagu. Da muka hau tudu sai ga ruwan, shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Na nemi wurin da tsamiyar ƙofar gidanmu take, ban gane ba.

Sha ɗaya saura na isa Maradun. Baba Maidamma yana zaune a sabuwar unguwar waɗanda aka tayar, yana ɗinkin wata koma da ya daina jefawa. Muka gaisa: gajiya, iyali, zafi, haƙurin zaman baƙunta. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ajiye allura.

"A can tabki babba ba ka samu. Gaiwa tana son ruwan da ke zuwa shina tahiya. In ya janye ta shige laka, ta lulluɓe kanta, ta yi barci har damina. Wancan ruwa ba ya janyewa."

Littafin da nake koyarwa da shi yana cikin jakata. Na buɗe masa hoton wani dogon kifi sumul da Turawa ke kira il, wanda ɗalibaina suka rantse maciji ne. Ya kai hoton kusa da idonsa.

"Ba gaiwa ba ce, ba shi da igiyoyin nan huɗu na ciki. Ba yauni ba ne kuma, kan bai yi ba. Ɗan ina na?"

Na ce masa shi ma kifi ne mai ƙashi, amma masana sun ware masa zuriyarsa daban, yawancin danginsa a teku suke. Gaiwa gidansu daban, don ita har huhu gare ta. Yauni ma nasu gidan daban. Tsawo ne kawai ya haɗa su.

"Haka muka kasa su mu ma," in ji shi. "To, wanga mi yaka ci, ina yaka kwana?"

Na ce akwai irinsu da ake haifa a teku, su hauro gulbi su yi shekaru. In tsufa ya zo sai su gangara, su koma can inda aka haife su, su yi ƙwai su mutu.

 Baba ya rufe littafin da kansa ya miƙo mini.

"Shi yana da inda za ya koma," ya ce. "Tashi mu tahi."

Bayan azahar muka yi tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa, zuwa wani ƙaramin tafki bayan dutse wanda ruwan sama kaɗai ke cika shi. Ya bushe ƙayau. Baba ya riƙa tafiya a sunkuye, yana ƙwanƙwasa ƙasa da sanda, kamar yadda babana ke yi ina biye da shi. La'asar ta yi ba mu ga komai ba. Muka yi taimama muka yi salla. Daga sallamewa ya nuna wani rami kamar bakin kwalba, taku biyu daga inda ya yi sujada. Na sa fartanya a hankali. Kamu biyu cikin ƙasa na ciro curin laka, gaiwa naɗe a ciki, da ranta.

"Kai mata haka nan, kada ka hwasa," in ji Baba. "Ka ce Maidamma na gaisuwa."

Komawa gida

Motar ƙarshe ta bar Maradun shida saura kwata, ana kiran magariba na yi sallama a gida. Na ajiye curin gaban Inna. Ta tashi zaune, ta ɓalli ɗan gefe ta kai hancinta.

"Ƙasar ina ce wannan?"

"Bayan dutse, Inna. Daga samansa ana hango wajen garinmu."

"An ga wani abu?"

"Ruwa kawai."

Ta gyaɗa kai. Matata ta kawo wuƙa, Inna ta ce a ba ta, babu mai iya gyaran gaiwa a gidan nan. Da bango ta dafa har madafa, inda rabonta da shiga wata biyu. Ta sha romon ludayi huɗu, ta ci tsoka ɗaya. Lakar kuwa ta hana a share, ta ƙulle ta a tsumma ta sa ƙarƙashin matashinta. Can muka same ta bayan shekara uku, ranar da muka kai Inna makwancinta a Mafara.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Kawu Ɗanjumma da Baba Maidamma, Allah ya saka da alheri. Inna da babana, Allah ya haɗa ku inda ba a tashin kowa.