Sagarata da Cikin Inna

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bakin kaza ne a gindin tasar da dusa ta ƙare a ciki. Ina tsaye a madafa jiya da hantsi na ji shi, sai na tsinci kaina a gidanmu na Rumde Ajiya, ina yarinya 'yar lekol, wato makarantar boko, a shekarar da Inna take ɗauke da cikin autanmu.

Kaka ce ta ba ni kazar tun tana 'yar tsako, wake-wake, ƙafarta ɗaya da ɗan karkata. Ni na raine ta. Kafin in tafi lekol sai na tono mata gara a gindin katanga, in na dawo kuma ita nake fara nema kafin in cire takalmi. Ta girma ta zama sagara, wato budurwar kazar da ba ta fara ƙwai ba, tana bina har bakin zaure.

To, gidanmu akwai ƙa'ida. Duk macen da ta haihu, da farfesun kaza ake fara jegonta, kuma ba a taɓa kazar da ke ƙwai. Wadda ba ta fara ba ake kamawa. A shekarar ciwon kaji ya ratsa unguwa ya share mana akurki, ya bar tsofaffi masu ƙwai da tawa ita kaɗai. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. Na duba cikin Inna, na duba kazata, na gane.

Kaka tana da yadda take aunawa. Sai ta rungume kaza a hammata, ta lalubo ƙasusuwan nan biyu na ƙarƙashin wutsiya, ta jera yatsunta a tsakani. In yatsu uku suka shiga, ƙwai ya kusa. Kullum da safe sai in kai mata tawa ta auna.

"Biyu ne, ke uwar kaji. Kin dame ni, kin dami baiwar Allah."

Lokacin zafi ne, irin zafin Garwa da ruwan randa ma yake yin ɗumi. Kaji sai su buɗe baki, su saki fukafukai a inuwar darbejiya, abincin ma ba sa so. Na yi mata gurbi da tsohon kwando a bayan randa. Na daka mata ɓawon ƙwai. Ina duba zankonta ko ya ƙara ja, ina kasa kunne ko zan ji kyarkyara. Maƙwabciyarmu Bafulatana in ta gan ni tsugune sai ta yi dariya ta ce, "Munyal, 'yata, haƙuri." Inna kuwa ƙafafunta sun kumbura, sai ta dafa bango take miƙewa. In na idar da salla sai in rasa abin da zan roƙa. Ina son Inna ta sauka lafiya ta huta. Ina son kazata ta riga ta. Sai in haɗa su duka in ce, ya Allah Ka san abin da ke raina.

Ran da Kaka ta ce, "Yau kam na ukun ya fara shiga," ran nan bayan azahar naƙuda ta tashi.

Haihuwar ta zo da gardama, aka wuce da Inna matanite, asibitin haihuwa. Da aka dawo da ita, na leƙa ɗaki na ga leɓɓanta sun yi fari fat, ko jaririn ba ta iya ɗagawa. Goggo ta ce jini ta zubar da yawa. Kaka ta fito tsakar gida ta tsaya, ba ta dubi akurki ba, ni ta duba. Na je bayan randa. Kazar tana kwance cikin kwandon, karon farko da na gan ta a ciki. Na ɗauko ta da ɗuminta na kai wa Baba, ya ce in riƙe masa ƙafafun, na riƙe.

Da Goggo ta feɗe ta, sai ga gwaiduwa jere kamar 'ya'yan kanya, manya da ƙanana, da ƙwai ɗaya har ya soma ɓawo. Goggo ta yi salati. Kaka ta kwashe su duka ta zuba a farfesun, ta miƙo mini kwanon ta ce, "Ke za ki kai wa uwarki." Inna ta sha, ina zaune a gefenta.

Yanzu kasuwa cike take da kajin gona, ba wanda jego zai tilasta wa taɓa akurkin gida. Amma ƙanwar maigidana ta zo haihuwa wurinmu, surukata kuma ta rantse kazar gona ba ta mayar da jini. Sagarun da ke gidan nan na ƙaramar 'yata ne, ba wadda ta fara ƙwai. Ban gaya wa yarinyar ba. Na dai laɓaɓa bayan la'asar na kama ɗaya ina jera yatsu, ashe tana tsaye a bayana. Sai ta ce:

"Umma, in don Anti ne, ki ɗauki jar. Amma don Allah kada a kira ni in riƙe ƙafafun."