Hannun Habsatu cikin tukunyar kunu

An kwantar da Habsatu, ɗiyar ƙanena mai shekara uku, a asibitin Tasawa. Hannu ta tsoma cikin kunu mai tafasa.

Ranar da abin ya faru, na tarar a gida kakarta ta fasa ɗanyen ƙwai za ta shafa mata. Rabi, uwar yarinyar, wadda ko sunanta ba ta faɗi don ɗiyar fari ce, ta fizge ta sai bakin randa.

"Ke Rabi, ruwa ke tada bororo! Ba ki da kunya?"

"Inna, ki gafarce ni. Yau babu kunya."

Ta yi ta kwarara ruwa, yarinya na ihu. Likita ya ce daidai ta yi, ƙwai cuta yake sa wa ƙuna. Ku me ake shafawa a gidajenku?

Likitan bai tabbatar ba tukuna ko yatsun za su miƙe.