Geron Furata da Farar Motar Alhaji

A Dubai kaka ba ta zuwa da girbi, zafi ne kawai yake sassautawa har yaro ya iya taka ƙasa. Shekarar da muka koma unguwar Al Qusais, kullum bayan la'asar sai in sauko da yarana biyu bayan bene, inda akwai ɗan fili da darbejiya guda. Nan suka san tururuwa da ƙadangare. Na ba su wake suka binne a gindin darbejiyar, suna yi masa ban ruwa da robar madara. Ranar da ya tsiro, ƙaramar har tsugunawa ta yi tana gaishe shi.

Sai maƙwabcinmu, wani Alhaji mai harkar kago, wato aika kaya gida, ya sayi farar mota, ya ga inuwar darbejiyar ta dace da ita. Garin ajiye motar ya murƙushe waken kakaf. Da na yi magana ya ce, "Hajiya, nan fa ba ƙauye ba ne."

Washegari na ce wa yaran yanzu tsuntsaye za mu koya. Na ɗebo geron furata da aka aiko min daga Kano, muka watsa a gindin bishiyar. Kurciyoyi da tattabaru suka ci suka ƙoshi, suka hau reshe daidai saman motar, suka sauke nauyi.

Da ya zo yana kumfar baki na ce, "Haba Alhaji, ciyar da tsuntsu ai sadaka ce."

Har kakar ta wuce ban sha fura ba, shi ma bai ga farin motarsa ba.